Makinka Bai Kai 200 Ba: Ina Za Ka Nemi Karatun Kasuwanci?

Gaisuwa ta musamman yau ga mutanen Shagari Low Cost a nan Yola, iyaye da 'ya'ya, sannan ga na Jimeta, Jambutu, Dougirei, har Hayin Gada da duk inda muryarmu ke kaiwa.

Zancenmu na yau a kan yaro ne ko yarinya da suka zauna jarrabawar JAMB da burin karanta kasuwanci, ko akanta, ko harkar banki, ko tattalin arziki, sai sakamako ya shigo waya, aka ga 165, ko 180, ko 195. Ba a faɗi ba, amma kuma ba a samu makin da za a yi ta shela a unguwa ba. A gidaje da yawa daga ranar shiru ke sauka. Uba ya ɗaure fuska, uwa ta shiga addu'a, yaro ya daina zama a dakali da abokai. To, yau ina so mu zauna mu yi lissafi tare, domin na hakikance cewa yawancin yaranmu da ke rasa gurbin karatu ba makinsu ne ke kayar da su ba. Inda suka kai makin ne.

Mu fara da sanin inda kake tsaye. Jarrabawar nan maki 400 ce, darussa huɗu, Turanci dole a ciki. A shekarar 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna ta, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Kusan rabin duk waɗanda suka rubuta, makinsu tsakanin 160 ne da 199. A shekarar 2024 ma haka abin yake, kashi uku cikin huɗu ba su kai 200 ba. Saboda haka, ɗana, 'yata, idan kana riƙe da 180, kana tsakiyar jama'a ne, kuma daga cikin wannan jama'ar ake cika yawancin azuzuwan manyan makarantun ƙasar nan. Baba, don Allah a sassauta fuska.

Yanzu ga inda ruɗani yake. Maki iri uku ne ake magana a kansu, amma mutane sun ɗauka ɗaya ne.

Akwai wanda hukumar JAMB ke sanarwa bayan taronta da shugabannin makarantu kowace shekara. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha, wato Poli, da kwalejojin ilimi. A 2024 na jami'o'i 140 ne. Wannan ƙasan ƙasa ke nan, ma'anarsa kawai kada makaranta ta sauka ƙasa da haka. Sai kuma wanda kowace makaranta ke yanke wa kanta, wadda ta ga dama ta ce 160, wata 180, wata 200, kafin ma ta yarda ka zo tantancewa. Na ukun shi ne wanda ba a cika liƙa shi a allo ba, kuma shi ne mai yanke hukunci: makin mutumin ƙarshe da sashen da kake so ya ɗauka. Kowane sashe yana da adadin ɗaliban da aka yarje masa. Idan gurbi ɗari ne, masu nema dubu, za a fara ɗiba daga sama, inda ɗarin suka cika nan ƙofa ta rufe, ko da kuwa ka wuce makin da makarantar ta sanar. Akanta da harkokin gudanar da kasuwanci suna cikin kwasa-kwasan da aka fi yi wa rububi, kuma ga tsarin da ya ba ɓangaren kimiyya kashi 60 na gurabe a jami'o'i, ya bar wa sauran kashi 40. Wato ƙofar ƴan kasuwanci tun asali ta fi ƙanƙanta.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na shiga shagon intanet lokacin cike fom. Layi har waje, zafin Yola ya taso, janareta na ruri, mai kwamfuta yana sauri ya sallami na gaba. Ya ɗago kai ya ce, "Wace makaranta?" Yaro ya ce, "Sa min ABU." "Wane kwas?" "Akanta." Ka tambaye shi dalili, sai ya ce yayan abokinsa can yake karatu. Cikin minti biyu an yanke shawarar da za ta ci shekara guda ta rayuwar mutum. Jami'ar Ahmadu Bello babbar makaranta ce, tun 1962 take, kuma harabar Kongo ta yaye akantoci da ma'aikatan mulki da suka riƙe Arewa. Amma duk Najeriya ke nemanta. Makinka jarinka ne, kuma ɗan kasuwa mai hankali yakan duba kasuwar da jarinsa zai yi masa magana kafin ya kwance ƙullin.

Ga wani abu da ya kamata kowane ɗan Adamawa ya sani. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, kashi 35 ga ƴan yankin da jami'ar ke yi wa hidima, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Adamawa na cikinsu. Mai maki 185 ba zai yi gogayya a kashi 45 ɗin nan ba, a faɗi gaskiya. Ƙarfinsa yana cikin sauran kashi biyun. Idan ya nemi jami'ar da Adamawa ke cikin yankinta, ƙofofi biyu ne a gabansa. Idan ya tsallaka ya nemi wata a Legas ko Ibadan, ya jefar da babbar ƙofar da hannunsa. Jami'ar jiha kuwa, ƴan jiha take fara dubawa, har ma takan kula da rabon ƙananan hukumomi.

Sannan makin JAMB ba shi kaɗai ake dubawa ba. Makarantu da dama suna haɗa shi da sakamakon WAEC ko NECO da kuma tantancewar da suke yi da kansu. A wasu jami'o'in, raba makin JAMB ake yi gida takwas domin ya zama rabin jimla. Ku yi lissafin tare da ni: 184 ya zama 23, shi kuma 208 ya zama 26. Tazarar da ta sa yaro kuka ta koma maki uku kacal, waɗanda takardar sakandare mai kyau za ta iya cikewa. Don haka ɗauko takardarka ka duba. Kana da kiredit biyar? Turanci da Lissafi suna ciki? Tattalin arziki fa? Duk wanda zai karanta kasuwanci ba shi da hanyar kauce wa Lissafi. Idan babu shi, ko ka ci 280 zama za ka yi, gara ka je ka gyara shi tun yanzu. Haka nan darussan da ka rubuta a JAMB: ga yawancin kwasa-kwasan kasuwanci ana son Turanci, Lissafi, Tattalin Arziki, da ɗaya daga cikin darussan zamantakewa ko kasuwanci. Yara da yawa sun rasa gurbi a kan wannan kaɗai, ba wanda ya gaya musu. Kuma a tabbata an ɗora sakamakon sakandaren a shafin JAMB, domin wanda bai ɗora ba, na'ura ba ta ganinsa.



Masu saurare, har yanzu muna tare, muna magana kan inda mai matsakaicin maki zai nemi karatun kasuwanci. Bari mu leƙa abin da Allah Ya hore mana a gida.

Jami'ar Modibbo Adama, a kan hanyar Girei, an kafa ta a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, iyayenmu har gobe FUTY suke ce mata. A 2021 aka mai da ita jami'a mai koyar da kowane fanni. Ta tarayya ce, kuma ɗan Adamawa ɗan gida ne a can. Amma da yake kowa a Yola da Jimeta ita yake so domin kusa take, rububin akanta a can ba wasa ba ne. Shawarata ga mai maki tsaka-tsaki: kada ka tsaya kan abin da aka rubuta a sanarwa. Tashi ka je sashen da ƙafarka, ko ka nemi ɗan unguwarku da ya shiga bara, ka tambaye shi da nawa ya shiga, da nawa abokan ajinsa suka shiga. Tambayi mutum uku ko huɗu. Idan makinka na kusa da nasu, bismillah. Idan tazarar da nisa, duba wani kwas maƙwabcinsa wanda ba a cika yi wa cincirindo ba, ko ka duba wata makarantar.

Akwai Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi, wadda aka kafa a 2002. Na san akwai iyayen da sunan Mubi ke sa gabansu faɗuwa tun abin da ya faru a watan Oktoban 2014, lokacin da ƴan Boko Haram suka shiga garin kafin sojoji su ƙwato shi a watan Nuwamba. Tsoron uwa ba abin raini ba ne. Amma makarantun Mubi sun daɗe da komawa aiki, kuma ga ɗalibin kasuwanci, garin kansa makaranta ne: ga kasuwar shanu da ake lodi zuwa Kudu, ga cinikin kan iyaka da Kamaru, ga canjin Naira da Sefa a gaban idonka. Abin da malami ya rubuta a allo da safe, da yamma za ka gan shi yana tafiya da ƙafarsa. Maƙwabtanmu ma suna nan: jami'ar Taraba a Jalingo, ta tarayya a Wukari, ta Kashere a jihar Gombe, da ta Maiduguri.

Ga kuma Jami'ar Amurka ta Najeriya, AUN, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, nan kusa da ku mutanen Shagari. Tana da tsangaya guda ta kasuwanci da ƙirƙirar sana'a. A irin waɗannan jami'o'i masu zaman kansu, maki ba shi ne babban shinge ba, aljihu ne, domin kuɗin shekara miliyoyi ne. Wanda Allah Ya hore wa, madalla. Wanda kuma zai nemi tallafin karatu, ya je ofishinsu ya tambaya. Abin da ba na so shi ne a sayar da gida ko gona a biya shekarar farko, a shekara ta biyu yaro ya dawo gida ba takarda ba gona. Gidajen Shagari Low Cost tun zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, domin masu ƙaramin ƙarfi aka tsara su, kuma na san dattawa nawa ne a unguwar ke riƙe da gida da kuɗin fansho. Karatun shekara huɗu ake yi wa lissafi, ba na zangon farko ba.

Yanzu bari in tsaya a kan hanyar da aka fi rainawa, wadda ni kuwa na fi ganin alherinta ga mai maki 140 zuwa 170. Ina nufin Poli. Muna da ta tarayya a Mubi, muna da ta jiha a nan Jimeta, mai reshen koyon mulki da kasuwanci a Numan. Shekara biyu ka samu Difloma ta Ƙasa, wato ND, a akanta ko gudanar da kasuwanci. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko ka yi shekara guda ta koyon aiki a banki, kamfani ko ma'aikata, ka dawo ka yi Babbar Difloma ta Ƙasa, wato HND, shekara biyu, ka tafi bautar ƙasa. Ko kuma, idan sakamakonka ya yi kyau, ka sayi fom ɗin shiga kai tsaye, ka faɗa aji biyu na jami'a ba tare da sake zama jarrabawar JAMB ba. Ku auna da kanku. Yara biyu sun ci 170. Ɗaya ya ce shi sai jami'a, ya zauna gida yana sake jarrabawa shekara biyu. Ɗayan ya shiga Poli. Bayan shekara biyun nan, na farko idan ya dace yana aji ɗaya, na biyun yana aji biyu, ga takardar ND a hannu, ya san yadda ake rufe littafin kuɗi, wataƙila ma yana riƙe wa wani mai shago lissafi a babbar kasuwar Jimeta yana samun na kashewa.

Ba zan ɓoye muku ba, bambancin da ake nunawa tsakanin mai HND da mai digiri a wajen aiki bai mutu ba. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Wanda wannan ya dama, ya bi ta ND ya tsallaka jami'a. Sai dai a fannin akanta akwai abin da ke shafe wannan bambanci, shi ne takardar ƙwarewa ta ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ta ANAN mai kwalejinta a Kwall kusa da Jos. Ranar da ka zama ƙwararren akanta, ba mai tambayarka nawa ka ci a JAMB. ICAN ma tana da matakin farko mai suna ATS, kashi uku, wanda mai kiredit biyar na sakandare zai iya farawa tun yanzu, ba ruwansa da JAMB. Ko kana jiran gurbi, ko kana Poli, za ka iya haɗawa.

Mai sha'awar koyarwa kuma, Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Yola tana da fannin koyar da darussan kasuwanci, ga ta jiha a Hong. Akwai kuma shirin IJMB na share fage, wanda ABU ke kula da shi, shi ma yana kai mutum aji biyu idan ya yi ƙoƙari, matuƙar a cibiyar da aka amince da ita aka yi shi.

To, a nan sai ku matso kusa da rediyo, domin inda ake cutar bayin Allah ke nan. Na farko, ba kowace takarda mai suna difloma ce ND ba. Akwai difloma ta cikin gida da makarantu ke bayarwa, wadda ba lallai ta kai ka HND ko aji biyu na jami'a ba. Kafin ka biya ko sisi, tambaya: wannan kwas ɗin hukumar NBTE mai kula da Poli ta amince da shi? Idan jami'a ce, hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince? Ba makarantar kawai ba, kwas ɗin kansa. Na biyu, tun 2017 duk gurbin gaskiya ta shafin CAPS na JAMB yake fitowa, kai ne za ka shiga ka danna ka karɓa ko ka ƙi. Duk wanda ya tare ku ya ce yana da hanya, a ba shi dubu kaza ya sa sunan yaro, amma sunan bai fito a CAPS ba, to ranar tafiya bautar ƙasa za a yi kuka. Kada kuma ka ba kowa lambar sirrin shafinka, domin ana iya karɓa maka kwas ɗin da ba ka nema ba, kuma idan an karɓa, an rufe maka sauran. Na uku, masu tallar digiri na gaggawa a ƙetare. Kun tuna a ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Akwai iyayen da kuɗinsu ya tafi a haka.

Batun kuɗi a makarantun gwamnati ya ɗan yi sauƙi. Tun 2024 asusun NELFUND ke ba ɗalibai bashin karatu marar ruwa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba da Naira dubu 20 a wata na kashewa ga wanda ya nema, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ɗaliban makarantun gwamnati kawai ya shafa. Amma ku sa kuɗin mota a lissafi. Daga Shagari zuwa jami'ar Modibbo Adama sai ka shiga Jimeta, ka haye gadar Binuwai, ka miƙe hanyar Girei, safe da yamma. Wani lokacin kama ɗaki kusa da makaranta ya fi arha, wani lokacin zaman gida ya fi. Ga iyayen ƴan mata musamman, a zauna a yi wannan magana da yarinyar tun kafin a zaɓi makaranta, kada sai gurbi ya fito a Mubi sannan a ce ba za ta je ba. An yi asarar shekara ke nan a banza, alhali da an faɗa tun farko da ta nemi Jimeta.

Wani zai ce, to Malam, ba za a sake jarrabawar ba ke nan? Ana sakewa. Idan ka san abin da ya kayar da kai, rashin lafiya ne, ko ba ka saba da kwamfuta ba, ko ba ka gama manhaja ba, kuma kana da tsarin gyara shi, sake. Amma makin JAMB na shekararsa ne kawai, ba a ajiye shi. Ni dai a ganina, ka kama abin da ya samu bana, idan ka ga dama ka sake rubutawa kana ciki. Zaman gida ba ya ƙara maki.

Ma'aikatan da ke saurarenmu masu son digiri na biyu na MBA, ku ma ƙa'idar ɗaya ce. Makarantun Amurka da Turai da yawa suna neman jarrabawar GMAT, wadda makinta a sabon tsari ke tsakanin 205 da 805, kuma yawancinsu suna wallafa matsakaicin makin ajin da suka ɗauka. Duba shi, ka nemi ɗaya da ta fi ƙarfinka kaɗan, biyu daidai kai, ɗaya da kake da tabbas. A gida kuma ga Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero ta Kano, ga ta ABU, ga ta Legas, inda shekarun aikinka ke da nauyi ƙwarai.

Lokaci na neman ƙure mana. Abin da nake roƙo a yi a daren nan shi ne, bayan sallar Isha'i, Baba ko Mama a kira yaron nan, a shimfiɗa takardar JAMB da ta WAEC ko NECO a kan tabarma, a ɗauko biro. A rubuta makin. A rubuta makarantu uku: wadda ake buri, wadda ta yi daidai da makin, da wadda ake da yaƙinin samu. A rubuta abin da gida zai iya biya a shekara. Mafi yawan jami'o'in gwamnati wanda ya sa su a zaɓin farko kaɗai suke dubawa, don haka idan lissafi ya nuna zaɓin farkon da aka yi ya fi ƙarfin makin, JAMB ta ba da damar canja makaranta ko kwas bayan fitowar sakamako, a ofishinta ko a cibiyar jarrabawa da ta amince da ita, da kuɗi kaɗan. A je a canja tun makarantu ba su rufe tantancewa ba. Kada a bar wa mai shagon intanet wannan shawara.

A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su gurbi mafi alheri.